Tambaya da Amsa: Yadda ake auna gizagizai da zafin duniya daga sararin samaniya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Katsina. Ɗalibaina sun tambaye ni ko gizagizai suna ƙara wa duniya zafi ne ko suna rage mata, da kuma yadda masana suka gano hakan. Ina neman bayanin da zan kai musu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gizagizai suna yin duka biyun, kuma masana sun daɗe suna muhawara a kan wanne ya rinjaya kafin taurarin ɗan'adam su raba gardamar.

Idan aka raba hasken ranar da ke isowa duniya bisa faɗinta gaba ɗaya, dare da rana, kowane murabba'in mita yana samun kimanin wat 340 (wat ma'aunin ƙarfin makamashi ne, irin wanda ake rubutawa a jikin ƙwan fitila). Kusan wat 100 daga ciki suna komawa sama ba tare da sun ɗumama komai ba, domin gizagizai da ƙanƙara da farin yashi irin na Sahara suna mayar da haske. Ragowar 240 ƙasa da teku da iska ne suke shanyewa, sannan su fitar da su a matsayin zafin da ido ba ya gani. Muddin abin da ya shigo ya yi daidai da abin da ya fita, yanayi zai zauna yadda yake. Idan fitar ta gaza shigowar, zafi zai riƙa taruwa.

Gizagizai suna rufe kusan kashi biyu bisa uku na duniya a kowane lokaci. Masu kauri da ke ƙasa-ƙasa suna tare rana, shi ya sa gari ke yin sanyi idan hadari ya haɗu da azahar. Siraran nan da ke can ƙololuwa kuwa suna barin hasken rana ya wuce, amma su riƙe zafin da ke neman fita, kamar bargo. Ɗalibanka sun san wannan a jikinsu: daren bazara mai gajimare zufa ake yi har asuba, alhali daren hunturu da sama ta washe kuma iska ta bushe, sanyi yake ratsa ƙashi.

Tun a 1959 masanin Amurka Verner Suomi ya ɗora na'urar auna zafin duniya a kan tauraron Explorer 7. Amma sai da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta harba na'urorin ERBE, shirinta na auna hasken da ke shigowa duniya da zafin da ke fita, daga 1984 aka sami bayanan da suka isa yanke hukunci, kuma a 1989 Veerabhadran Ramanathan da abokan aikinsa suka nuna cewa, idan an haɗa lissafi, gizagizai sanyaya duniya suke yi. Alƙaluman yau sun nuna sanyayawar ta fi ɗumamawar da kimanin wat 20 a kowane murabba'in mita.

Na'urorin da suka gaji ERBE ana kiransu CERES. Ta farko ta tashi a 1997, sannan aka ɗora wasu a kan Terra a 1999 da Aqua a 2002, taurarin da ke zagayawa daga arewacin duniya zuwa kudancinta a nisan kimanin kilomita 705. Na'urar tana da ƙaramin madubi da ke tattara haske ya jefa a kan wani ɗan baƙin abu mai jin zafi, kuma gwargwadon yadda abin ya ɗumama ake lissafa ƙarfin abin da ya taso daga ƙasa. Wata kyamara a kan tauraron tana ɗaukar hoton wurin a daidai lokacin, don a san ko girgije ake kallo, ko ruwa, ko yashi.

Abin da nake so ka jaddada wa ɗalibanka shi ne ƙanƙantar bambancin da ake farauta. Rarar zafin da ke taruwa ba ta wuce kusan wat ɗaya a murabba'in mita ba, cikin ɗaruruwan da ke shiga da fita, don haka ba a dogara da tauraro shi kaɗai. Ana gwada sakamakonsa da na na'urorin Argo kusan 4,000 da ke nutso cikin teku har zurfin mita 2,000 suna auna zafin ruwa, tunda kusan kashi 90 cikin ɗari na rarar teku ne yake haɗiyewa. Da masanan NASA da na NOAA, hukumar nazarin teku da yanayi ta Amurka, suka haɗa hanyoyin biyu a binciken da suka fitar a 2021, sun gano rarar ta kusan ninkawa tsakanin 2005 da 2019, kuma raguwar gizagizai masu mayar da haske tana cikin dalilan. Wannan ya isa ya dami duk mai noma a yankin da zafi ya riga ya yi yawa.

Tambaya: Daga Maraɗi nake rubutowa. Shin ƙurar hunturu da ke rufe mana gari tana shiga wannan lissafi?

Amsa: Tana shiga ƙwarai, kuma a ƙasarku aka yi ɗaya daga cikin muhimman gwaje-gwajen. A shekarar 2006 ma'aikatar makamashi ta Amurka ta girke tashar awo ta tafi-da-gidanka a filin jirgin saman Yamai, tana auna hasken da ke isowa ƙasa. A daidai lokacin tauraron Meteosat na ƙasashen Turai, wanda ke tsaye a nisan kusan kilomita 36,000 yana fuskantar Afirka, yana auna abin da ke fita daga sama da na'urarsa mai suna GERB. Da wata gagarumar ƙura ta taso daga Sahara a watan Maris na shekarar, sai aka sami awo ta sama da ta ƙasa a tare. Hasken da ya ragu a ƙasa ya fi wanda ya koma sama yawa nesa ba kusa ba, ma'ana ƙurar da kanta ta shanye wani babban kaso, ta ɗumama iskar da ke sama, ƙasa kuma ta yi sanyi. Yawancin ƙurar da ke iso mu da hunturu daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, kuma ana bin sawunta a hotunan taurarin.

Tambaya: Na'ura tana iya ganin cikin girgije, ko samansa kawai take gani?

Amsa: Tana iya gani. Taurarin CloudSat da CALIPSO, waɗanda aka harba tare a 2006, sun yi amfani da rada da hasken leza suna tsaga gizagizai daga sama har ƙasa, suna nuna tsayinsu da yawan ruwa ko ƙanƙarar da ke ciki, har aikinsu ya ƙare a 2023. A watan Mayun 2024 hukumomin sararin samaniya na Turai da Japan sun harba EarthCARE, wanda ke ɗauke da na'urori huɗu domin auna girgije da ƙura da zafi a wuri guda, kuma radarsa tana iya auna saurin faɗowar ɗigon ruwa a cikin hadari.