Maratayin ƙarfe da katako mai magani: wace ƙusa ta dace?

Tambaya: Ina haɗa dandamalin katako a bayan ɗaki, da katakon nan da ake ɗura wa maganin gara da ruɓewa a masana'anta. Na fara kafa maratayan ƙarfe masu riƙe katakan jere na ƙarƙashin daɓe, na ɗaura shida da baƙin sukuru na silin da ya rage mini. Sai na ga saman katakan bai yi daidai ba, wani ya ɗara wani. In ci gaba, ko akwai gyara?

Amsa: Malam, dakata tukuna. Rashin daidaiton nan ƙaramar matsala ce, za mu zo kanta. Abin da ya fi damuna shi ne sukurun.

Duk nauyin dandamalin, da na mutanen da za su hau, a kan ƙusoshin maratayi yake sauka, kuma a gicciye yake danna su, kamar almakashi. Ƙusa tana da ɗan laushi, in nauyi ya yi mata yawa sai ta lanƙwashe tana riƙe. Baƙin sukuru na silin kuwa siriri ne mai gautsi, karyewa yake yi farat ɗaya. Ga shi ba shi da rufin da zai kare shi daga maganin da ke cikin katakon. Ka kwance shidan nan duka.

Shi wannan magani, jan ƙarfe ne ƙashin bayansa. A da an fi amfani da wanda ake kira CCA, mai ɗauke da sinadarin asenik, har aka daina sa shi a katakon gidaje a Amurka a ƙarshen 2003. Waɗanda suka maye gurbinsa, irin su ACQ da CA, sun fi shi yawan jan ƙarfe. Idan jan ƙarfe ya haɗu da baƙin ƙarfe ko tutiya, ga danshi a tsakani, sai su zama kamar batir, ƙarfen ƙusar ne ke narkewa a hankali. Kan ƙusar yana iya zama lafiya lau a ido alhali jikinta da ke cikin katako ya cinye.

Saboda haka duba maratayan naka ma. Wanda aka yi don cikin gida rufin tutiyarsa ba shi da kauri. Nemi mai alamar G185, wato mai rufi mai kauri. Kamfanin Simpson Strong-Tie yana kiran nasa ZMAX. Ƙusar kuma ta zama wadda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya, za ka gane ta da kaushin jiki da launin toka, ba mai sulɓi da ƙyalli ba. In wurin yana kusa da teku ko iskar gishiri, sai ƙarfen sitenles, lamba 316. Amma kada ka gauraya: maratayin sitenles da ƙusar sitenles, mai tutiya da mai tutiya. Alminiyam kuwa kada ya taɓa wannan katako ko kaɗan.

Girman ƙusa yana rubuce a takardar maratayin, kuma ita za ka bi. Yawanci ramukan fuska, masu shiga babban katakon da ke jikin bango, suna karɓar gajeriyar ƙusa mai kauri, inci ɗaya da rabi, idan katakon falle ɗaya ne. Akwai kuma ramukan gefe da ke shiga a karkace. Su doguwa suke so, inci 3 ko 3 da rabi, domin ta ratsa katakon jere ta kama babban katakon. Nan ne kafintoci da yawa ke kuskure, su buga gajeriya, ta tsaya a hanya ba ta kama komai ba. Kuma kowane rami a cike shi. Nauyin da kamfani ya ce maratayin zai ɗauka, da dukkan ƙusoshinsa aka gwada shi. In kai mai son sukuru ne, akwai wanda aka ƙera musamman don maratayi, an rubuta haka a kwalinsa, shi kaɗai na yarda da shi.

To, batun tudu da kwari. Katako mai magani yakan zo da danshi, kuma ba ya bushewa daidai wa daida, sai ka tarar faɗin wani ya fi na wani da kusan kwatan inci. Kai kuma, ina zato, ka ja layi ɗaya ka kafa maratayan a kai, sannan ka zura katakan. Gindinsu ya daidaita, samansu ya saɓa. Juya aikin. Ɗora katakon, daidaita samansa da saman babban katako, riƙe shi da ƙusa ɗaya a karkace, sannan ka turo maratayin daga ƙasa har ya zauna daram a gindinsa, ka matse gefunansa, ka buga. Kafin nan ka hango tsawon katakon da ido ɗaya, gefen da ya yi doro ya kalli sama, nauyi zai miƙar da shi.

Ratar da ke tsakanin bakin katakon da babban katako kada ta wuce milimita 3. Tsayin maratayin ya kai aƙalla kashi 60 cikin 100 na faɗin katakon, don kada ya kife. A can ƙarshen babban katako, inda babu wurin buga fiffiken waje, wato gefen maratayin da ke kwanciya a jikin babban katako, akwai maratayi mai fiffike a ciki. Shi za ka saya, kada ka lanƙwasa na hannunka ko ka yanke shi.

Duk inda ka sa zarto, ka shafa wa bakin da ka yanke maganin katako mai jan ƙarfe da buroshi kafin ya shiga maratayi. Maganin masana'anta ba koyaushe yake kaiwa tsakiyar katako ba, kuma a gindin maratayin ne ruwa ya fi kwanciya. Ramukan da sukurun suka bari a babban katako ma ka ɗiga musu maganin, in ya yiwu ka ɗan gusa da maratayin don sabuwar ƙusa ta shiga lafiyayyen wuri.