Amsa ga mai neman zama malamin tarihin Ikilisiya a jami'a

Ƙanena, na karanta tambayarka, inda ka ce ka gama digirin farko a fannin tarihi, kana zaune a Sabon Garin Kano, kana kuma son sanin ko koyar da tarihin Ikilisiya a jami'a aiki ne da zai riƙe mutum, da kuma inda ya fi dacewa ka yi digiri na biyu tsakanin jami'a da makarantar tauhidi. Na yi sama da shekara ashirin a wannan layi, saboda haka zan gaya maka abin da na gani da idona.

Gurbin aikin da aka rubuta masa "tarihin Ikilisiya" ƙiri-ƙiri kaɗan ne ƙwarai a jami'o'in gwamnati na Arewa. Galibi darasi ɗaya ne ko biyu a cikin sashen nazarin addini, kamar na Jami'ar Jos, ko kuma wani yanki na tarihin zamanin mulkin mallaka a sashen tarihi irin na Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello. Makarantun tauhidi kamar TCNN da ke Bukuru, wadda aka buɗe a 1959, da JETS ta Jos, su ne ke koyar da shi da sunansa, kuma suna da malamai nagari, sai dai wanda ya yi dukan karatunsa a can yakan sha tambayoyi idan ya zo neman aiki a sashen tarihi. Tun da tarihi ka karanta, shawarata ita ce ka zauna a cikinsa har digiri na uku, ka sa Ikilisiya ta zama batun bincikenka. Masanin tarihin da ya ƙware a kan mishan zai iya koyarwa a jami'a, kuma makarantar tauhidi za ta karɓe shi hannu bibbiyu, amma juyin hakan ba kullum yake yiwuwa ba.

Batun matakan aiki ba shi da tsawo. Ba tare da digiri na uku ba, ba za ka yi nisa ba, kuma daga nan ƙarin girma zuwa babban malami har farfesa ya rataya ne a kan maƙalun da ka buga a mujallun ilimi, ba a kan yawan ɗaliban da ka koyar ba. Tallafin karatu na TETFund na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, wanda ke nufin sai ka shiga tukuna kafin ka ci moriyarsa. Albashin zai ciyar da gida bisa lalama, amma kuɗin tafiye-tafiyen bincike yawanci daga aljihunka zai fito.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani sosai shi ne abin da za ka bincika. Labarin Turawan mishan an riga an rubuta shi, an kuma maimaita: zuwan Bingham da Gowans da Kent a 1893, wanda ya zama tushen ƙungiyar mishan ta SIM, ayarin Bishop Tugwell da Dakta Miller da suka iso Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, saukar Karl Kumm na ƙungiyar mishan ta SUM a Wase a 1904, kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kafa Ikilisiyar ECWA a 1954. Duk ɗalibin da ya kawo mini kundi a kan waɗannan, na san tun kafin in buɗe cewa littafin Crampton na 1975 a kan Kiristanci a Arewacin Nijeriya zai sake zubo mini da wasu kalmomi. Abin da ba a rubuta ba shi ne labarin mutanen ƙasa da suka yi ainihin aikin. Su wane ne masu bishara da suka zauna shekara da shekaru a ƙauyukan Maguzawa na kudancin Kano, kuma da wane harshe suka yi magana da masu unguwanni har aka ba su wurin zama? Me ya faru da waɗanda aka yi wa magani a asibitin kutare na Yadakunya, bayan da gwamnatin Turawa, wadda ta daɗe tana hana mishan shiga masarautu, ta buɗe musu ƙofa ta hanyar aikin kuturta a shekarun 1930? A rahotannin da aka aika Ingila da Kanada, irin waɗannan mutane sukan fito ne da suna ɗaya tilo, wani lokaci ma "yaronmu" kawai, alhali su ne suka san hanya, suka yi tafinta, suka kuma zauna bayan Bature ya tafi hutu.

A nan ne kake da abin da baƙon mai bincike ba shi da shi. Manyan taskokin takardun ƙungiyoyin mishan suna waje: na CMS a Jami'ar Birmingham, na SUM a Edinburgh, na SIM a Amurka, kuma zuwa can sai da tallafi. Amma kai kana jin Hausa, kana iya zama a kan tabarma da tsohuwa ka ji yadda aka yi ta koyi karatun boko, kana kuma iya karanta tsofaffin fitowar mujallar Labarin Ekklesiya ba tare da tafinta ba. Ka haɗa da koyon ajami, domin mishan sun buga wasu sassan Linjila da shi, kuma wasiƙun masarauta na wancan zamani da shi ko da Larabci aka rubuta su. Sannan ka saba da Gidan Ɗan Hausa a nan Kano (shi kansa Hanns Vischer da aka sa wa gidan laƙabinsa, da CMS ya fara zuwa ƙasar nan kafin ya koma aikin gwamnati), da taskar takardun tarihi ta ƙasa da Arewa House a Kaduna, inda fayilolin Razdan da na D.O. suke ɗauke da gardamar da aka yi a kan kowane fili da mishan suka nema.

Akwai kuma abin da zama a Kano yake koya wa mai wannan aiki, wato ba a rubuta tarihin Kirista a nan ba tare da sanin tarihin Musulunci ba. Ka ɗauki Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a karatunsa, waɗanda wasu daga zuriyarsu suka haɗu da Miller suka zauna a Gimi ta ƙasar Zazzau a 1913 har ciwon barci ya watse garin. Wanda bai san tafsiri da yadda makarantun ilimi suke ba, ba zai gane abin da ya faru ba, zai mai da su ko dai 'yan bidi'a ko kuma Kiristocin ɓoye, alhali al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya. Mafi yawan ɗalibanka da abokan aikinka Musulmi za su kasance, kuma wasu daga cikin gyare-gyare mafi amfani da na samu a rubutuna daga wajensu suka fito. Ka shirya kuma wa ɓacin ran 'yan'uwanka, domin ranar da takardu suka nuna cewa rabuwar wata majami'a a kan kuɗi ko ƙabila aka yi ta, ba a kan koyarwa ba, dattawa za su so ka yi shiru, kuma aikinka bai ba ka wannan dama ba.

Kada ka jira sai an ba ka gurbin karatu kafin ka fara. Na taɓa jinkirta zuwa wata tsohuwar majami'a har damina biyu, da na je na tarar gara ta cinye rajistar baftismar farko, dattijon da ya san sunayen da ke ciki kuma an binne shi wata uku kafin zuwana. Ka nemi izinin fasto da dattawa, ka ɗauki hoton kowane shafi na rajista da littafin taron majalisa da wayarka, ka rubuta ranar da wurin kowace hira, ka ajiye kwafi a wuri biyu. Idan ka tara hira goma sha biyar da rajista biyu ko uku, ka rubuta shafi uku a kan tambayar da suka tayar maka, ka kai wa malamin da kake so ya duba aikinka kafin ka sayi fom.