Kafin ka ɗora wa azurfa laifi, ka binciki kwalbar

Ka ce ka zuba ƙwayoyin azurfa masu girman nanomita 20 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) a kan sel ɗin THP-1, wato sel na garkuwar jikin mutum da ake renonsu a ɗakin gwaji, bayan awa 24 ka ga furotin IL-6 da TNF-alfa, masu nuna kumburi, sun yi sama, shi ne kake tambaya ko ka rubuta cewa ƙwayoyin suna da guba. Kada ka rubuta komai tukuna, ɗana. Ajiye wayar nan ka zauna.

Tambayarka ta fama mini tsohon miki. Lokacin kana firamare, wani dillalin kayan ɗakin gwaji ya kawo mana irin wannan azurfar a kwalba mai ruwan ɗorawa, da takardar shaida har da hatimi, kuɗinta kuma ƙasa da na kowa. Na ce a bari mu gwada ta tukuna, aka ce lokaci ya ƙure. Wata tara ina renon sel kamar jariri. Daren da aka ɗauke wuta, da albashina na sayi dizal don kada firizarmu mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ta huce, na kwana kan benci ina sauraren ƙarar janareta. Muka jera samfur cikin busasshiyar ƙanƙara, muka aika ƙasar waje a yanka furotin da sinadarin tiripsin a auna su a na'ura. Sakamako ya dawo, duk furotin na kumburi sun tashi, aka yi ta murna ana tafa mini kafaɗa.

Da takarda ta je mujalla, mai dubawa layi ɗaya ya rubuto: kun auna endotoksin? Muka auna, kwalbar maƙil take da shi. Endotoksin ɓarɓashin bangon bakteriya ne, ɗan mitsitsi ya isa ya hargitsa sel irin naka. Ashe wata tara dattin ruwan wani nake nazari. Dillalin nan sayo mai kauri yake yi, ya tsarma da ruwan da ya ga dama, ya sake ɗurawa. Da na tare shi, ko kunya babu ya ce ai ya dafa a otokilef, tukunyar tururi ta kashe ƙwayoyin cuta. Zafin digiri 121 na otokilef yana kashe bakteriya, amma endotoksin ko gezau. Kafin a raba kwalba da shi sai busasshen zafi digiri 250 na rabin awa. Daga ranar layinsa ya daina shiga. Ko sisi bai dawo ba, kuma ɗalibar da digirinta ya rataya a kan aikin sai da ta ƙara shekara. Har gobe ban yafe ba.

Saboda haka gwajin LAL na gano endotoksin ne farko, wanda ake haɗawa da jinin wata halittar teku mai kama da ƙaguwa. Shi ma kada ka amince masa ido rufe, don ƙwayoyin kan rikita shi. Zuba endotoksin da ka san adadinsa a ciki, ka ga ko zai fito daidai.

Sannan azurfa narkewa take a hankali. Ka ware wasu sel ka ba su silba naitiret, wato narkakkiyar azurfa, kaɗai, in ba haka ba yaya za ka bambance aikin ƙwayar da na narkakkiyar? Ni abin da nake fara dubawa furotin metalotayonin ne da HO-1, su ne ke tashi idan ƙarfe ya takura wa sel. Ka kuma sani ƙwayar ba tsirara take isa ba. Tana faɗawa ruwan renon da ke da siram, wato tataccen ruwan jini, furotin sun lulluɓe ta. Wannan rigar ce mutanen Kenneth Dawson na Dublin suka yi bayaninta a 2007, ake kiranta korona. Sauya yawan siram, sakamakonka ya sauya.

Zancen safar hannu, aiki kan ƙanƙara da gwajin Bradford na auna yawan furotin, ba zan ɓata bakina ba. Wanda bai san su ba me ya kawo shi nan? Ku yaran yanzu so kuke ku ga zane mai launi a kwamfuta cikin mako biyu ku ɗauki hoto. Jiya na duba littafinka, ko lambar kwalbar ba ka rubuta ba, balle ranar da aka buɗe ta.

Gobe ƙarfe takwas ka kawo mini kwalbar da takardarta, ka kuma faɗa mini wajen wa aka saye ta.