Kiret ɗin dillali ba ya wuce bakin get

Yaro, ka tambaye ni me ya sa nake tsayar da masu sarin ƙwai a bakin get, su da kiret ɗinsu, alhali kuɗi suka kawo. Wai a kwalejin noma ba a tsananta muku haka ba. Yo ina za a tsananta, tunda a kan allo kuka yi kiwon?

A 2015, da murar tsuntsaye ta dawo Kano, akwai wani dillali da muka daɗe muna ciniki, har bashi nake ɗaga masa. Ya fakaici idona na fita sayo dusa, ya lallaɓa mai gadi ya shige har ɗakin kaji masu ƙwai da kiret ɗinsa na kwali, wai sauri yake. Ashe daga wata gona ya fito inda kaji ke zubewa, kuma ya gani da idonsa, har ya kwashi masu layi da araha. Kashinsu na manne a takalminsa da gindin kiret ɗin.

Mako bai zagayo ba zankon kajina ya yi shuɗi, fuska ta kumbura. Ka bar su da dare suna cin abinci, da safe ka kwashe su a baro. Kaji ne fa da suka soma zuba ƙwai, bayan watanni ina ɗura musu abinci ba ko sisi. Likitocin dabbobi suka aika samfuri cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato, da sakamako ya fito aka kashe ragowar aka binne. Mutumin nan ko jaje bai zo ba. Da muka haɗu a kasuwa sai ce min ya yi, "Ƙaddara ce, Alhaji." Kuɗin ƙwaina har yau yana wuyansa.

Kwali ba ya wankuwa, shi ya sa namu na roba ne kuma ba sa barin gona. Rigakafin kaji na Lasota da na Gumboro ba sai na koya maka ba, amma kar ka ɗauka suna tare murar tsuntsaye. Ruwan maganin tsoma takalmi na bakin ƙofa kuwa, in ya zama laka ba ya kashe komai, a sauya shi kullum. Ku yaran yanzu tsallake shi kuke yi, ido na kan waya, don kar takalmin gayu ya jiƙe.

An kuma ce min kana da kaji da agwagi a gidanku. Ko ka sayar da su kafin Juma'a, ko ka ajiye min aikina.