Maigida ya tafi Libiya shekara uku ba aike, ina matsayin aurena?

'Yar uwa na ga saƙonki daga Rigasa. Kin ce maigida ya bi ta Agadas ya shiga Libiya da niyyar tsallakawa Italiya, da farko yana turo ɗan na cefane, yanzu ko wayarki baya ɗagawa amma kina ganinsa a Facebook, ga yarinya ɗaya a gabanki, ke kuma tsoronki kar lokacin haihuwa ya wuce ki kina zaman jira. Wallahi wannan tsoro ba abin kunya bane, haƙƙinki ne.

Aurenki dai yana nan. Daɗewar tafiya bata kashe aure, don Allah kar wani ya zuga ki a ɗaura miki wani ba saki ba hukuncin alƙali, aure kan aure ne.

Masu ce miki sai kin cika shekara huɗu sun cakuɗa hukunci biyu ne. A Malikiyya wannan wa'adin na mijin da ya ɓata ne, ba a san yana raye ko ya mutu ba, shi ma daga lokacin da aka kai ƙara ake ƙirgawa, sannan takaba wata huɗu da kwana goma. Naki kuwa yana raye tunda gashi yana saka hotuna.

Ki je kotun shari'a ki shigar da ƙara kan rashin ci da sha da kuma cutuwar zama ba miji, wannan na biyun yana tsayawa ko da yana aiko kuɗi. Alƙali zai nemi a isar masa da saƙo, yawanci ta hannun mahaifinsa ko yayansa, a bashi wa'adi ya dawo ko ya ɗauke ki ko ya sauwaƙe miki, in yaƙi kotu ta raba sai kiyi idda. Kar kiyi saurin cewa khul'i kike so, a can ke zaki mayar da sadaki alhali ke aka cuta.

Renon yarinya naki ne, ciyar da ita nasa, sai dai gaskiya karɓar kuɗi daga wanda ke Libiya da wuya, sai in ya bar gida ko fili ko shago a nan wanda alƙali zai iya yanka muku daga ciki.

Kar ki goge saƙonninsa na WhatsApp da alat ɗin banki na ƙarshe, ki nemi shaidu maza biyu da suka san halin da kike ciki. In ba kuɗin lauya ki tuntuɓi FIDA (ƙungiyar lauyoyi mata) ko Legal Aid (hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali da lauya), duk suna da ofis a Kaduna.