Filin Makanikai: Tsohuwar Marsandi SLK a Hannun Sabon Mai Ita

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan mota ɗaya suke, wato Marsandi SLK ƙirar farko, mai kujera biyu da rufin ƙarfe da ke naɗewa ya shige but. Kamfanin yana kiran ta R170, ya kuma ƙera ta daga 1996 zuwa 2004, don haka ko autar cikinsu ta haura shekara 20. Wadda aka fi tambaya a kanta ita ce SLK 230 Kompressor, mai inji M111 na silinda huɗu da na'urar tura iska cikin inji, wadda ita ce ake kira Kompressor.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi SLK 230 ta shekarar 2001, tokumbo, babu takardar gyara ko ɗaya a cikinta. Mai sayarwa ya ce lafiyarta ƙalau, kilomitarta ma ba ta da yawa. Me zan fara yi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Kada ƙarancin kilomita ya ruɗe ka. Irin wannan mota ta shaƙatawa ce, a Turai da Amurka ta fi daɗewa a ajiye, kuma roba da mai suna tsufa ko ana hawa ko ba a hawa. Tunda babu takarda, ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba.

Fara da juyen baƙin mai. Injin yana shan tsakanin lita 5.5 da 5.8 har da filta. Nemi 5W-40 wanda aka rubuta lambar amincewar Marsandi, MB 229.3 ko 229.5, a bayan galan ɗinsa. Filtar ta takarda ce, tana cikin wani kofi a saman inji, kuma sabuwa tana zuwa da zoben roba. A tabbata an sa sabon zoben, don tsohon shi ne ke sa yoyo bayan juye. Da ƙurar da muke da ita, mu a ganinmu kada ka wuce kilomita 5,000 zuwa 7,000 ba ka sake ba.

Kafin a rufe bonet, ga wani bincike na minti biyu da ya fi juyen muhimmanci. A gaban inji ta sama akwai wani maganaɗisu mai zagaye da ke sarrafa kamshaf, da soket a jikinsa. A zare soket ɗin a haska ciki. In ka ga baƙin mai, to maganaɗisun yana yoyo, kuma man ba ƙasa yake zuba ba, cikin waya yake bi sannu a hankali kamar kananzir a lagwani, har ya kai ga na'urar iskar salansa da ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Motocin da aka yi daga shekarar 2000 zuwa sama sun fi fama da wannan. A canza maganaɗisun, a wanke soket da feshin wanke kayan lantarki, a sa 'yar gajeriyar wayar tsakani da Marsandi ta yi musamman don tare man. Sannan a buɗe akwatin ƙwaƙwalwa a duba ko ya riga ya isa can.

Sauran: fulogi huɗu, filtar iska, filtar fetur da ke ƙarƙashin mota wajen ƙafafun baya, da man birki DOT 4, wanda ake sabuntawa duk shekara 2 saboda yana shan danshi. Man aksul na baya kimanin lita 1 ne; a fara kwance ƙusar zubawa kafin ta juyewa, kar a zubar da tsohon sannan a tarar ta sama ta cije. Taya kuwa duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2314 na nufin mako na 23 a 2014. Wadda ta wuce shekara 6 a cire ta ko da zanenta bai cinye ba. Girman gaba da na baya ba ɗaya ba ne, 205/55 R16 a gaba, 225/50 R16 a baya, saboda haka ba a musanya su. A ɗaure ƙusoshin ƙafa a 110 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri).

In an ɗaga ta a gareji, a bi bututun birki da mazaunin sifirin da ido. Gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara yana cin su daga ƙasa, fentin sama yana ta ƙyalli.

Tambaya: Rufin motata ya daina buɗewa. In na danna maballin sai fitilarsa ja ta riƙa ƙiftawa. Bakanike ya ce famfon ya mutu, in kawo kuɗin wani. Kuma akwai wani mai da ke ɗigowa daga silin, saitin madubin tsakiya. Daga wata mai karatu a Abuja.

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna. Famfon nan ba ya saurin mutuwa, kuma ƙiftawar fitila ba ta nufin shi.

Rufin yana aiki da famfon mai guda ɗaya da ke cikin but ta hannun dama, da silinda biyar, da ƙananan makunnai da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa mataki kaza ya kammala, a shiga na gaba. Idan ɗaya bai ba da amsa ba, komai ya tsaya. Wanda ya fi yawan jawo wannan shi ne labulen da ke cikin but. Dole a ja shi a maƙala shi a mazauninsa, don shi ne shaidar cewa kaya ba su tare wurin da rufi zai kwanta ba. Sau da yawa 'yan wankin mota ne ke cire shi su manta. Bayan shi, a tabbata murfin but ya rufu sosai, mota tana tsaye cak, kuma batir yana da ƙarfi. An fi so a yi da inji a kunne. In kwanan nan aka cire batir, a ɗaga kowane gilashi har ƙarshe a ci gaba da riƙe maballin na 'yan daƙiƙu, don motar ta sake gane iyakarsa.

Amma man da kika ce yana ɗiga shi ne ainihin labarin. A cikin silin, ta gaba, akwai silindar da ke kulle rufi da saman gilas. Robar cikinta tana ruɓewa da shekaru, zafinmu kuma yana hanzarta abin. Man yana zuba, na cikin tankin famfo yana raguwa, har ya kai inda famfon zai yi ta kuka ba ƙarfi. A cire rufin bangon but na dama a dubi tankin, fari ne ana ganin mai ta jikinsa, da layi biyu na sama da ƙasa. A ƙara da man da aka yi dominsa, wanda ake kira ZH-M, mai lamba MB 343.0. Ban da man birki, ban da man giya. Man birki zai narkar da sauran robobin cikin makonni, gyaran silinda ɗaya ya koma na duka biyar ɗin.

Ƙarin mai dai maganin wucin gadi ne. Silindar sai an canza ta ko an sake mata roba, kuma idan ɗaya ta fara, sauran huɗun sa'o'inta ne, a duba su. Lafiyayyen rufi yana gama buɗewa cikin daƙiƙa 25 ko kusa da haka. In ya maƙale a tsakiya, kada a danna shi da ƙarfi. Littafin motar ya nuna yadda ake sassauta wata ƙusa a jikin famfo a rufe da hannu, aikin mutum biyu ne, ɗaya kowane gefe.

Tunda an buɗe wurin, a sa hannu ƙasa a ji ko akwai ruwa. Nan ne famfon iskar da ke kulle ƙofofi yake zaune cikin soso. In ramukan fitar ruwa sun toshe da ƙasa da ganye, ruwan damina a nan yake taruwa, soson ya sha, famfon ya ruɓe.

Tambaya: Tawa ta 1999 ce. Ina cikin tafiya sai ta mutu. In na jira kamar rabin awa sai ta tashi kamar ba ita ba. An canza famfon fetur, ba ta daina ba. Daga Kano.

Amsa: Alhaji, abu biyu ne ke yin haka a wannan mota, kuma ana iya bambance su ba tare da sayen komai ba. Ran da ta sake mutuwa, murɗa makulli ka saurara.

Idan fankar lagireto ta tashi da gudu iya ƙarfinta alhali inji bai kama ba, zargi na kan wani baƙin akwatin rile da ake kira K40, yana cikin akwatin ƙwaƙwalwa ƙarƙashin bonet. Dalmar da aka liƙe ƙafafun rile da ita tana tsagewa. In ta yi zafi ta buɗe, wuta ta yanke. Mai gyaran rediyo da hannunsa ya faɗa zai iya sake liƙa ta cikin awa ɗaya.

Idan kuma fanka shiru, sitata tana juyawa lafiya, allurar gudun inji ba ta ko motsi, to na'urar da ke karanta juyawar kiranshaf ce. Tana bayan inji ta hagu, inda ya haɗu da giyabos, ƙusa ɗaya ke riƙe da ita. Halinta ke nan in ta tsufa: ta ƙi aiki da zafi, ta dawo in ta huce. Saya ta Bosch, don ta bogi wata biyu take yi. In kuwa allon gaba ya rubuta Start Error, wannan tsakanin makulli ne da na'urar hana sata, wani batu ne daban.

A sa mata kwamfuta kafin a ƙara sayen wani abu. Ta Turai 'yar 1999 soket ɗinta mai zagaye ne mai rami 38, a ƙarƙashin bonet, ƙaramar na'urar da ake yawo da ita ba ta shiga sai da mahaɗi.

Tambaya: Giyar tawa ta otomatik tana maƙalewa a ta biyu, sai na kashe na sake kunnawa. An ce giyabos ya tafi. Daga Zariya.

Amsa: Da wuya. Giyabos ɗin 722.6 ne mai giya biyar, yana da ƙwari ƙwarai. Maƙalewa a ta biyu kare kansa yake yi saboda ya rasa wani saƙo. Galibi farantin lantarkin da ke cikinsa ne, mai ɗauke da na'urorin auna gudu, kwamfuta kuma takan nuna P0715. Ko kuma soket ɗinsa mai ƙafa 13 yana yoyo, man ya bi waya ya hau ƙwaƙwalwar giya. Ana canza farantin da soket da filta da gasket ta ƙasa, ba a sauke giyabos.

Juyen mai ta murfin ƙasan giyabos yana fitar da lita 3 zuwa 4. A mayar da mai lamba MB 236.10 ko 236.14 kawai. Motar ba ta zuwa da sandar auna man giya, sayen ta ake daban, kuma ana aunawa ne inji na kunne, giya a P, mai ya kai zafin digiri 80. Cika shi da ka shi ne ke sa fizga bayan gyara. Ƙusoshin murfin ƙasan 8 Nm kawai suke so. Maganar cewa man nan na har abada ne, a bar ta. Duk kilomita 60,000 a sake.

Tambaya: Bakanikena yana so ya cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, wai motar Turai ba ta jure zafinmu. In bar shi? Daga Sakkwato.

Amsa: A'a, Malam. Tamostat ɗin yana buɗewa a wajen digiri 87, kuma ƙwaƙwalwa da wannan zafin take lissafin fetur. In an cire, da safe da lokacin hunturu inji ba zai kai zafinsa ba, zai yi ta shan mai, fulogi su yi baƙi. Allurar zafi tsakanin 80 da 95 daidai ne, ta taɓa 100 a cunkoso da AC ma ba tashin hankali ba ne. In tana wuce haka, a nemo dalili: ƙura da fukafukan ƙwari da suka toshe tsakanin lagireto da kwandensa, murfin tanki da ya daina riƙe iska, famfon ruwa, ko fankar da ba ta ƙara gudu. Ruwan kuma rabi maganin sanyaya mai lamba MB 325.0, rabi tataccen ruwa irin na batir. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farin gishiri da ke toshe lagireto.

Tambaya: Ba ta da ƙarfi kamar da, tana shaƙewa in na taka totur, sulo kuma yana rawa. Kuma ina ake samun kayanta? Daga Maraɗi.

Amsa: Zare na'urar auna iska da ke kan bututun shiga inji ka duba. In ta jiƙe da mai, ita ce. A fesa mata feshin da aka yi dominta, kar a taɓa cikinta da tsumma ko yatsa. Sai dai wankin ba zai daɗe ba in ba a bi tushen ba: ƙarƙashin manifol akwai siraran bututun numfashin inji da wasu 'yan ƙananan ramuka da ke toshewa, sai tururin mai ya koma ta hanyar iska. A buɗe su, a canza robobin da suka bushe. A duba bel ɗin na'urar tura iska da duk tiyo, ko akwai tsaga. A ƙirar kafin 2000, na'urar tana da kuloci na lantarki, ya kamata a ji ya kama in an taka.

Sannan motar an yi ta ne don fetur mai lamba 95. Da wanda bai kai haka ba, ƙwaƙwalwa tana rage wuta don kare inji, ƙarfin doki 193 ko 197 da aka rubuta ba zai fito duka ba, musamman da tsakar rana.

Kayan inji da na giya ba sa wahala, domin dangin M111 ne a cikin C180 da C200 da C230 na wancan zamani, ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas. Silindar rufi, robobin rufi da fitilu su ne na SLK kaɗai, galibi sai an yi oda. Je da lambar shasi da tsohon abin a hannu, don kayan kafin 2000 da na bayanta sun bambanta ko da kamanninsu ɗaya.