Amsa kan koyon zane wurin malami ta intanet

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko ki biya malami ya riƙa koya miki zane ta intanet, ko kuwa bidiyoyin YouTube sun wadatar. Ni wurin malami na koya, kuma ina ba ki shawarar hakan, amma da sharaɗin yana ganin hannunki lokacin da kike zanen. Gyaran da zai yi miki shi ne abin da kike biya. Bayanin haske da inuwa kam yana nan kyauta ko'ina.

Malamina yakan sa in ɗaure waya a saman tebur, kyamara na kallon takarda, sannan in ajiye buta kusa da taga. Ina cikin zane sai ya ce, "Dakata. Miƙe hannu da fensirin, rufe ido ɗaya, auna tsayin butar da faɗinta." Mai koyo yakan zana butar da ya sani a ransa, ba wadda ke gabansa ba, kuma da wuya ya gane hakan da kansa. Bayan darasi in tura hoton aikin ta WhatsApp, ya dawo mini da shi da jan layi daidai inda hannun butar ya kamata ya zauna. Wallahi wannan jan layin ya fi mini dogon bayani amfani.

Kada ki kashe kuɗi a kan kaya tun yanzu. Fensir HB da 2B da 4B, magogi da farar takarda sun ishe ki. Duk sanda lambar B ta ƙaru, fensirin ya fi laushi da baƙi.

Ki zaɓi darasin safe saboda hasken rana, don wuta ba abin dogaro ba ce, kuma kiran bidiyo na Zoom yana shan data sosai. Ba dole sai malami daga waje ba. A cikin waɗanda suka karanta fannin zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya za ki iya samun wanda zai yi miki bayani da Hausa. In kina cikin masu kauce wa zanen abu mai rai, ki faɗa masa tun farko. Gine-gine, ganyaye da kayan gida ma ana koyon awo da inuwa da su.

Ki fara biyan kuɗin darasi ɗaya tukuna. In lokaci ya ƙare shi kaɗai ya yi zane kina kallo, ki nemi wani.